Roƙo Daban, Haƙƙi Daban: Kafin A Sauya Maka Tsarin Aiki



A littafin koke-koken da nake riƙe wa ƙungiyarmu, in aka cire rigimar haya, babu maganar da ta kai ta wurin aiki yawa. Abin da na lura da shi kuwa, ba kasafai mutum kan zo ya ce albashinsa ya yi kaɗan ba. Wannan ya san da shi tun ranar da ya kama aikin, ya kuma haƙura. Abin da ke kawo mutane shi ne sauyi. An wayi gari aikin awa 8 ya koma awa 12. An ce daga wata mai kamawa sunanka ya bar littafin kamfani ya koma hannun ɗan kwangila. An kawo inji, aikin mutum 10 ya koma na mutum 3. An ɗauke sito daga Ikeja an kai Agbara, kuɗin mota kuma daga aljihunka. Duk wanda ya zo da irin wannan kuka, maganarsa ɗaya ce: "Sakatare, ko tambayarmu ba a yi ba."

A kan wannan tambayar nake son mu tattauna yau. Wane ne ke da ikon a tambaye shi kafin a sauya tsarin aiki, kuma daga ina ikon yake fitowa?

Mu dai a nan Legas, da an ce "yuniyon" abin da ke faɗo mana a rai shi ne masu yankar tikiti a tasha, ko kuma yajin aiki da rufe ƙofar ma'aikata. Shi ya sa da yawanmu ke gudun kalmar. Amma babban aikin ƙungiyar ƙwadago a masana'anta ba a kan titi ake yin sa ba, a kan tebur ne. Wakilan ma'aikata sukan zauna da wakilan kamfani, a ja a sassauta, har a fito da takarda guda da kowa ya sa wa hannu. Ita ce yarjejeniyar bai-ɗaya, wadda za ku ji ma'aikata na kira CBA. Maimakon kowane lebura ya shiga ofishin manaja shi kaɗai yana murza hula, sai a yi ciniki ɗaya da sunan kowa.

Yawanci takardar kashi biyu ce. Kashi ɗaya yana maganar abin da za a samu: albashi, kuɗin gida da na mota, kuɗin aikin dare, hutun shekara, asibiti, da lissafin kuɗin sallama. Ɗaya kashin, wanda mutane ba su cika kula da shi ba alhali ya fi muhimmanci ga maganarmu ta yau, shi ne na ƙa'idar zama. A nan ake rubuta waɗanne abubuwa ne kamfani ba zai taɓa ba sai an yi ciniki da ƙungiya, waɗanne ne sanar da ita da jin shawararta ya wadatar, kwana nawa za a ba da notis, kuma ina za a nufa idan an kasa daidaitawa. A wasu fannoni ma, kamar masana'antun abinci da abin sha da kuma masaƙu, ƙungiyar ma'aikata ta ƙasa ce ke zama da ƙungiyar masu kamfanonin fannin gaba ɗaya, a shimfiɗa mafi ƙarancin abin da za a bi, sannan kowane reshe ya ɗora nasa a kai.

Bari in kawo muku abubuwa biyu da suka ratsa ta hannuna, ku auna da kanku.

Na farko, wasu 'yan uwanmu ne masu lodi a wani babban sito a yankin Ikeja. Cikinsu akwai wanda ya shekara 9 yana ɗaukar buhu a wurin. Rana ɗaya aka manna takarda da Turanci a bango cewa daga ƙarshen wata an miƙa aikin lodi ga ɗan kwangila. Mai son ci gaba ya je ya rubuta suna a wurinsa, biya kuma ya tashi daga na wata ya koma na kowace mota. Katin asibiti ya tafi, hutun shekara ya tafi. Babu ƙungiyar ƙwadago a wurin, don haka suka garzayo wurinmu. Muka shirya, ni da shugaba da liman, muka je. An karɓe mu da mutunci, an ba mu kujeru da ruwan sanyi. Da shugaba ya gama jawabi, sai jami'in kula da ma'aikata ya ce cikin ladabi: "Alhaji, a matsayin wa kuka zo?" Shugaba ya ce, "A matsayin iyayensu." Ya ce ya girmama hakan, amma abin da ke tsakanin kamfani da waɗannan mutane notis ne kawai, kuma za a biya. A ƙarshe aka ƙara musu ɗan abin da ba a rasa ba, aka ce saboda darajar furfura ne. Muka yi godiya muka fito, domin wanda ya je roƙo ba ya raina abin da aka ba shi.

Na biyu, wata masana'anta ce a Ogba inda wani ɗan ƙungiyarmu ke tuƙa inji, kuma yana cikin shugabannin reshen ƙungiyar ƙwadago na wurin. Kamfani ya kawo sababbin injuna, ya so ya mayar da zubin aiki uku na awa 8 zuwa zubi biyu na awa 12, ya kuma rage mutane. Sai dai a yarjejeniyarsu an rubuta cewa ba a taɓa lokacin aiki ko yawan ma'aikata sai an rubuto wa ƙungiya an zauna. Aka yi makonni ana zama. Sauyin bai fasa ba, domin injunan an riga an saye su. Amma da aka tashi, an ƙara ranakun hutu a mako, an ɗaga kuɗin aikin dare, an sa motar da za ta riƙa kwasar masu tashi da asuba, wasu daga cikin waɗanda za a sallama an koya musu sabon injin sun zauna, sauran kuma an lissafa musu kuɗi gwargwadon shekarunsu. Shi ɗan uwan namu ya kawo maganar Juma'a, cewa tsarin awa 12 zai hana mutane masallaci. Abokan aikinsa Kiristoci suka mara masa baya, su ma suka kawo ta Lahadi, aka rubuta yadda za a riƙa karɓar juna. Ba a yi yajin aiki ko na yini ɗaya ba.

Ban ce manajan Ogba ya fi na Ikeja imani ba. Mai yiwuwa ma na Ikejan ya fi sakin fuska. Bambancin kawai, a wuri na farko mun shiga da girmanmu, a na biyu sun shiga da takarda. Girma yana buɗe ƙofa, amma ba ya tilasta wa kowa zama. Takardar da aka sa wa hannu kuwa tana tilastawa.

To, me doka ta ce? Ni ba lauya ba ne, sakatare ne da yawan rakiya ofisoshi ya sa ya karanta abin da ya shafi mutanensa. Ga kaɗan daga abin da ya kamata kowane ma'aikaci ya riƙe.

Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya don kare muradunsa, ya kuma ambaci ƙungiyar ƙwadago da suna. Tun a 1960 Najeriya ta amince da yarjejeniyoyi biyu na Hukumar Ƙwadago ta Duniya, mai lamba 87 kan 'yancin kafa ƙungiya da mai lamba 98 kan 'yancin ciniki da murya ɗaya. Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago ta wajabta wa mai kamfani ya amince da ƙungiyar da ke da rajista idan ma'aikatansa 'ya'yanta ne. Ba alfarma ba ce yake yi.

Dokar Ƙwadago kuma, wadda ta fi shafar leburori da masu aikin hannu da akawu, ta yi magana dalla-dalla. Sashe na 7 ya ce cikin wata 3 da fara aiki a ba ka takardar da ta bayyana sharuɗɗan aikinka, in kuma an sauya wani sharaɗi a sanar da kai a rubuce kafin wata guda ya wuce. Sashe na 9 ya hana a kori mutum ko a muzguna masa don ya shiga ƙungiya. Sashe na 10 ya ce ba a mayar da kwantiragin ma'aikaci hannun wani ubangidan sai da yardarsa da sa hannun jami'in ƙwadago; shi ya sa za ku ga masu wayo sukan fara sallamar mutum tukuna, sannan ɗan kwangila ya ɗauke shi a matsayin sabo, shekarun baya su bi ruwa. Sashe na 13 ya ce lokacin aiki ana tsayar da shi ne ta hanyar yardar juna, ko ta cinikin ƙungiya, ko ta hukumar tsara albashi, kuma wanda ke aikin awa 6 ko fiye yana da hutun da bai gaza awa ɗaya ba. Sashe na 20 shi ne na rage ma'aikata: dole kamfani ya sanar da ƙungiya ko wakilin ma'aikata dalilin ragin da yawan waɗanda zai shafa, a bi ƙa'idar wanda ya shigo daga baya shi zai fara fita tare da duba ƙwarewa da riƙon amana, sannan kamfani ya yi iya ƙoƙarinsa wajen cinikin kuɗin sallama.

Ku lura da wannan sashe na 20. Doka ba ta yanke ko sisi ba a matsayin kuɗin sallama, ta ce a yi ciniki ne. To wa zai yi cinikin idan babu ƙungiya? A nan ne 'yan uwanmu na sito suka faɗi. Doka ta ajiye musu kujera a teburin, amma babu wanda zai zauna a kai.

Akwai kuma maganar kotu. A da, kotuna sun daɗe suna ɗaukar yarjejeniyar bai-ɗaya a matsayin alkawarin dattaku kawai, ba a tilasta ta sai an shigar da ita cikin takardar ɗaukar aikin mutum, ko Ministan Ƙwadago ya ba da umarnin ta zama wajibi. Gyaran Kundin Tsarin Mulki na uku na 2010 ya ɗaga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ya ba ta ikon fassara irin waɗannan yarjejeniyoyi da zartar da su a sashe na 254C, kuma tana da reshe a Ikoyi. Duk da haka, shugabannin ƙungiya masu lura sukan tabbatar an ambaci yarjejeniyar a takardar kowane ma'aikaci, an kuma ajiye kwafi 3 a Ma'aikatar Ƙwadago kamar yadda Dokar Rikicin Ƙwadago ta 1976 ta tanada. Ita wannan doka ta jera matakan sulhu, daga zama a cikin gida, zuwa mai shiga tsakani, zuwa kwamitin sasantawa, har kotu. Yajin aiki can ƙarshe yake, kuma dokar ta ce wanda ya tafi yaji ba shi da albashin kwanakin. Saboda haka ƙungiyar da ta san abin da take yi ba ta gaggawar zuwa can.

Kada in yi muku romon baka. 'Yancin ciniki ba ikon hana sauyi ba ne. Mai kamfani yana da ikon sayen inji, ko rufe sashen da ba ya kawo riba, ko ƙaura. Abin da yarjejeniya ke ba ma'aikaci shi ne a sanar da shi da wuri, a buɗe masa dalili, a kuma yi ciniki kan yadda nauyin sauyin zai rabu, kada ya faɗa kan talaka shi kaɗai. Ku tuna lokacin da aka sayar da kamfanonin wutar lantarki. Ƙungiyoyin ma'aikatan wuta ba su hana sayarwar ba, an miƙa kamfanonin ga 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2013. Amma sai da gwamnati ta zauna da su aka daɗe ana ja-in-ja kan kuɗin sallama da fansho kafin miƙawar, duk da cewa biyan ya zo da tsaiko da ƙorafi. Da babu ƙungiya, da sanarwa kawai za su ji a rediyo.

Haka nan ban ce duk shugaban ƙungiya waliyyi ne ba. Akwai waɗanda ke shiga ɗaki da kukan ma'aikata su fito da murmushin kansu. Akwai reshen da sai ranar cire kuɗin wata ake jin ɗuriyarsa. Maganin wannan shi ne halartar taro, da tambayar lissafi, da kaɗa ƙuri'a ranar zaɓe. Wanda ya ƙaurace wa taro ya bar wa wasu su yanke masa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba don ɗan uwanmu na Ogba yana cikin ɗakin ba, babu wanda zai tuna da Juma'a, ba don mugunta ba, sai don kowa abin da ya dame shi yake kawowa.

Hujjojin da nake ji daga mutanenmu guda uku ne. Wani ya ce, "Ni ci-rani na zo, ba na son rigima a garin mutane." Ɗan uwa, wanda ya shekara 9 a wuri ɗaya, ya yi aure, 'ya'yansa na makaranta a Agege, ci-raninsa ya zama zama. Kuma Kundin Tsarin Mulki bai ce 'yancin ƙungiya na ɗan asalin jiha ne kaɗai ba.

Wani ya ce, "Harkar yuniyon ta 'yan Kudu ce." Wannan ma tarihi bai goyi bayansa ba. Malam Aminu Kano yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a ƙarshen shekarun 1940. Hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa a Kaduna take, kuma daga masaƙar Kaduna Adams Oshiomhole ya taso. Tun da aka kafa NLC a 1978, Ali Ciroma daga Borno ya shugabance ta daga 1984, Abdulwahid Umar ya riƙe ta daga 2007 zuwa 2015, Ayuba Wabba ya karɓa har 2023. Mafi ƙarancin albashin da ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019 zuwa 70,000 a 2024, a kan tebur aka yi cinikinsa, kuma babu wanda ya tambayi ƙabilar mai karɓa.

Na uku shi ne wanda ke cewa, "Arziki na Allah ne, takarda ba ta ba ka ba ta hana ka." Gaskiya ne arziki na Allah ne. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Gumin ma'aikaci kuwa bashi ne a wuyan wanda ya ɗauke shi har sai ya biya. Rubuta sharaɗi bai saɓa wa tawakkali ba. Mu da muke kafa shaidu a cinikin saniya a Oko-Oba, bai kamata mu sayar da ƙarfinmu na shekaru da baki kawai ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙon kowa ya yi tun yanzu da ake zaman lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke aiki a kamfani ya nemi takardar ɗaukarsa aiki ya adana, tare da takardun albashi da katin shaida, ya kuma ɗauki hotonsu a waya. Ya tambaya ko akwai reshen ƙungiyar ƙwadago a wurin. In akwai, ya shiga, ya nemi ganin yarjejeniyar, ya duba abu huɗu: me ta ce kan sauya lokacin aiki, me ta ce kan miƙa aiki ga ɗan kwangila, yaya ake lissafin sallama, kuma yaushe wa'adinta zai ƙare. In babu reshe, ba sai kun kafa sabuwar ƙungiya ba. Kusan kowane fanni yana da ƙungiyarsa ta ƙasa mai rajista, ofishin NLC na jiha zai nuna muku wadda ta dace da aikinku. Wanda ake kira ɗan wucin gadi ma kada ya cire kansa, domin Kotun Ma'aikata ta taɓa yanke hukunci cewa shi ma yana da ikon shiga ƙungiya. Abu mafi muhimmanci, kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba, ko da an ce "ta karɓar kuɗi ce kawai". Sau da yawa a cikinta ne aka rubuta cewa ka yafe duk wani haƙƙi.

Mu a ɓangarenmu, ƙofar ofis a buɗe take bayan La'asar ranar Lahadi. Duk mai takardar Turanci da ta shige masa duhu ya kawo, za mu karanta masa da Hausa, in ta fi ƙarfinmu mu haɗa shi da wanda ya sani. Matasanmu masu boko da ke aiki a masana'antu, ku daure ku tsaya takarar muƙaman reshe, ko na ma'aji ne ko na mataimakin sakatare. Iyayenmu kuma za su ci gaba da raka duk wanda ya shiga matsala, wannan ba za mu fasa ba. Amma ku sani, rakiyar dattijo ta fi amfani idan wanda aka raka yana riƙe da takardarsa a hannu.

Wanda ya taɓa ganin irin wannan sauyi a wurin aikinsa, da ƙungiya ko babu, ya zo taron wata ya ba mu labari, na baya su ƙaru. Ku kuma tura wa 'yan uwa da ke Apapa da Agbara da Ota, a karanta wa waɗanda ba sa karatu.

Allah Ya albarkaci neman kowa, Ya haɗa mu da iyayen gida masu adalci, Ya sa mu ma mu riƙe amanar aikin da aka ba mu. Amin.

Naku,
Sakataren Ƙungiya